Shuɗi a Gemun Alhaji

Da sunan Allah na buɗe wannan babi, kuma ku lura da kyau cewa da sunansa na buɗe, domin har yau a Kaura akwai masu cewa ubanku ba ya son a ambaci Allah a wurin aiki. Nura, kai ne ka dawo gida da leɓe a fashe saboda wani ya kira ka ɗan mai hana addu'a. Hindatu, ke kuma na san abin da aka gaya wa uwarki a gidan suna, duk da kun haɗa baki kun ɓoye mini. Ba zan bi gida-gida ina wanke kaina ba, na girme wa wannan. Sau ɗaya zan rubuta. Duk wanda ya sake tare ku da maganar, ku miƙa masa takardar, in ya iya karatu.

Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, kun sani. Abin da na sani na aikin ɗakin gwaji, a wani asibiti na koye shi, inda aka ɗauke ni shara da wankin kwalabe. Akwai wani tsohon ma'aikaci a can wanda ba ya bayani sau biyu. In ya gan ka ka sosa ido da safar hannu, rula ce za ta sauka a bayan hannunka, bayanin kuma ya biyo baya in yana cikin nishaɗi. A gabansa na ga abokin aikina Isiya ya soki yatsarsa da allurar da aka ɗebi jini da ita, ya tsotse wurin, ya yi dariya ya ce ba komai. Ni na riƙe makararsa bayan wasu shekaru, cikinsa a kumbure, idonsa kamar an zuba masa rawaya. Daga nan ban sake ɗaukar wannan ɗaki da wasa ba. Saboda haka da Alhaji Mamman, wani babban dillalin shanu na Shinkafi, ya buɗe makarantar koyon aikin lafiya a nan Kaura, aka ce masa ga wani ya san inda kowane kaya ke zama, sai ya ɗauke ni. A takarda sunana mai share-share. A aikace kuwa, duk ɗalibin da ya shigo makarantar, ni ke fara tsayar da shi a bakin ƙofa in gaya masa abin da zai kashe shi a ciki.

Kuma ba na ɓoye muku, yaran nan sun ba ni wahala. Za ka ce kada a ci komai a ɗakin nan, ka juya ka ga ƙullin gyaɗa a aljihun farar riga, hannu na shiga yana fita. Za ka ce waya ta zauna a jaka, sai ta yi ƙara, yaro ya ɗauka da safar da yake juya kashin mara lafiya da ita, ya manna a kunci yana cewa, “Hajiya, ina furatikal ne.” 'Yan mata bakin hijabinsu na sharar benci, anjima su goge gumi da shi. Samari kuwa ba su iya wuce juna ba tare da musafaha ba, ko da minti biyar ke nan da suka gaisa. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Suka sa mini suna Baba Wanke-Hannu, suna kwaikwayon tafiyata a bayana. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abu guda da ba ni da bakin faɗarsa, don ba ɗalibai suka kawo shi ba.

Malamin da ke koyar da gwaji sunansa Malam Bashar. Yaro ne, da digirinsa, mai ladabi a gaban manya, mai yawan ibada, ban taɓa kama shi da mugun hali ba. Al'adarsa ita ce ya buɗe darasi da addu'a, ya rufe da addu'a. Ta buɗewa ba ruwana da ita, hannun kowa da tsabta. Ta rufewa ce matsala. An yi awa biyu ana taɓa fitsari da kashi da majinar da aka karɓo daga asibiti, an shafa a gilashi, an leƙa a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Sai Malam Bashar ya duba agogo ya ga lokaci ya ƙure, ya ce a yi addu'a. Yara arba'in su ɗaga hannu da safarsu, ya karanta, su ce amin, su shafa a fuska. Daga goshi har haɓa, ta kan ido, ta kan hanci, ta kan baki. Sa'an nan su bi layi zuwa famfo su wanke hannu da sabulu, fes, kamar yadda na koya musu. Ni kuma ina tsaye a lungu da bokiti, ina kallo.

Na yi shiru har zuwa lokacin da idon Rabi ya kumbura. Rabi ɗiyar manoma ce daga Dauran, ita kaɗai ce cikin ajin ke rubuta abin da na faɗa. Ta zo wata safiya idonta na dama a rufe, ruwa mai kauri na fita. Kowa ya ce ciwon ido ne da ke yawo. Amma a unguwar da take zaune ba mai shi, a ajin ba mai shi, kuma na san abin da aka ba bencinta ta gwada kwana biyu kafin nan. Sai da aka kai ta Gusau. Idon bai mutu ba, amma bai koma yadda yake ba. Na samu Malam Bashar a ofis, na durƙusa kamar yadda ƙarami ke yi a wurin aiki, duk da a haife na haife shi.

“Malam, alfarma nike roƙo. Addu'ar ƙarshe, a bari sai an cire safa an wanke hannu.”

“Lawali, in sun je famfo ba su dawowa. Kowa gudu yake yi ya kama wani darasi.”

“To a yi ta a bakin famfon.”

“Kusa da kwata? Inda ake zubar da ƙazanta?”

“To a yi, amma kada a shafa.”

Ya ajiye biro, ya dube ni.

“Kada a shafa? Lawali, kana jin abin da kake faɗi kuwa? Addu'a ce za ta sa wa mutum ciwo?”

“Ba addu'ar ba, Malam. Hannun.”

“Hannun da aka ɗaga wa Allah.”

“Hannun da aka dama kashi da shi, Malam.”

Na san da na zaɓi kalma mai laushi. Ban iya ba, kuma har yanzu ban koya ba. Ya ce in tashi in je in kama sharata, in bar koyarwa ga waɗanda aka koya wa. Akwai wasu malamai biyu a ofishin suna shan shayi. Ban san wanda ya fitar da maganar ba, amma kafin Juma'a ta zagayo ta riga ni isa unguwa, kuma ta bar rabinta a hanya. Ba wanda ya ji zancen safa ko famfo. Abin da ya isa shi ne Lawali ya ce a daina addu'a a makaranta, wai tana kawo cuta. Mai shayin bakin tasha, wanda na yi shekaru ina zama a bencinsa, ya miƙo mini kofi bai dubi fuskata ba. A masallaci wani dattijo ya tambaye ni ko gaskiya ne na shiga wata sabuwar aƙida. Uwarku Hassi ta tare ni tun ban cire takalmi ba.

“Malam, mi kac ce ma mutane?”

“Cewa na yi su wanke hannu.”

“To don mi ba ka ce su wanke hannu ba ka yi shiru? Ina ruwanka da addu'a tasu?”

“Ita suka shafawa da ƙazantar.”

“Fuskarka ce? Ɗiyanka na? Kai dai ba ka iya ganin abu ka wuce. Yau ko gaisuwata matan layin ga ba su amsa da kyau ba.”

Gaskiyarta, ba na iya gani in wuce. Na sake gwadawa ta hanyar lalama. Na tara ɗaliban na ce musu, ku kanku in za ku yi salla sai kun wanke hannu, me ya sa nan ba za ku wanke ba? Wani mai dogon wuya a baya ya ce, “Baba, ai safa ce, ba hannu ba.” Aji ya fashe da dariya. Nan na gane inda matsalar take. Su a ganinsu safa tana kare mutum, shi ke nan, ko ina ya kai ta. Abin da ba su gani da ido ba, babu shi. Suna leƙa ƙwayoyin cuta a madubi, su zana su a littafi, su ci jarrabawa a kansu, amma a ransu ƙwayoyin a cikin madubin suke zaune.

To sai na ce bari in nuna musu da ido. Akwai wani garin shuɗi da muke rina gilashin gwaji da shi. In yana bushe, ɗan kaɗan ba ya nuna kansa, musamman a kan baƙin benci. In ya taɓa ruwa ko gumi, sai ya buɗe kamar an kifar da tukunyar rini. Ba ya cutarwa in kaɗan ne, na sha zama da shi a yatsuna kwana da kwanaki. Lokacin bazara ne, zafin da mutum ke jiƙewa yana zaune, ga ba wuta, fanka a tsaye. Ranar wata Laraba da safe na barbaɗa shi siriri a kan bencina duka, da gefen tebur, da murfin kwalabe. Na tabbatar ranar ba samfurin mara lafiya za a taɓa ba, darasin sanin kayan aiki ne. Nufina yara su shafa, su dubi juna, su yi dariya, in ce to kun gani, da wannan kashi ne fa? Iyakar abin da na shirya ke nan. Na rantse da wanda raina ke hannunsa.

Darasi ya kusa ƙarewa sai na ji tsayuwar mota. Alhaji Mamman ne, ba sanarwa, ya biyo da baƙi biyu zai nuna musu makarantarsa. Kun san shi, dogo, farin gemu har ƙirji, kullum cikin farar shadda. Shugaban makaranta na gaba yana buɗe ƙofa. Suka shigo suna gumi. Alhaji ya dafa benci da hannu biyu yana leƙa madubi, ya ɗaga wannan kwalba ya ajiye, ya shafa tebur yana gaya wa baƙin inda aka sayo katakon. Su ma suka dafa, suka shafa. Ina kallo. Sai Malam Bashar ya ce tun da Allah ya kawo uban makaranta, shi zai rufe mana da addu'a.

A nan ne nake so ku karanta a hankali, don a nan ne laifina yake, in akwai shi. Daga lokacin da Alhaji ya ɗaga hannu zuwa lokacin da ya shafa, an ɗauki lokaci, don mutum ne mai doguwar addu'a. Ya roƙa wa makaranta, ya roƙa wa ɗalibai, ya roƙi zaman lafiya a hanyoyinmu, ya roƙi damina mai albarka. Ina da lokacin da zan ce, Alhaji, dakata. Amma ku duba inda nake tsaye. Ni ne mutumin da gari ke cewa ya hana addu'a. In na buɗe baki a tsakiyarta, a gaban baƙi, na ce kada a shafa, to na sa hannu a kan ƙaryar da aka yi mini. Wannan dalili guda ke nan, kuma shi na riƙa faɗa wa kaina shekara da shekaru. Akwai na biyu, wanda ban taɓa faɗa wa ko uwarku ba. Na gaji. Na gaji da a ce mini mai shara. Wani abu a cikina ya ce, bar su, su ma su gani. Na sunkuyar da kai na ce amin tare da kowa.

Aka shafa.

Da farko ba wanda ya yi motsi. Sai wata yarinya ta ce, “Innalillahi!” Fuska arba'in da wani abu, kowace da zanen yatsu daga goshi zuwa haɓa. Shugaban makaranta kamar an mare shi da hannu biyu. Malam Bashar har cikin girarsa. Alhaji kuwa, da yake shi in ya shafa sai ya bi gemunsa har ƙasa ya kama, gemun nan ya koma shuɗi tsaf, shaddar ma ta samu rabonta a ƙirji. Ya ga ana kallonsa, ya ƙara shafawa don ya ji ko mene ne, abin ya ƙaru. Yara suka kasa riƙewa. Mai dogon wuyan nan har ƙasa ya zube. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana faɗin jawabin da na shirya wa ɗalibai.

“To kun gani. Wannan shuɗi ne, zai fita. Da abin da Rabi ta taɓa ne, ba mai ganin komai, kowa zai tafi gida da shi a ido.”

Alhaji ya dube ni, ya fita.

Shuɗin nan bai fita da wuri ba, musamman a farin gashi. An ce sun gwada sabulu, sun gwada lemun tsami, har kalanzir. Ranar Asabar Alhaji ne waliyyi a wani ɗaurin aure a Shinkafi, sai aka ba shi shawara ya rufe da lalle. Lalle ya hau kan shuɗi ya ba da wani launi da ba shi da suna. A ƙarshe sai da ya aske gemun da ya yi shekaru yana tarawa. Wannan ya dame ni, ba zan yi ƙarya ba. Mutumin bai taɓa yi mini sharri ba.

Bayan mako guda ya aiko in same shi a gida. Na hau mota na tafi Shinkafi, Hassi na bina har ƙofa tana cewa in ce tsautsayi ne, garin ne ya zube, ban sani ba. Na tarar da shi a zaure, haɓa a fili kamar ba shi ba. Ya sallami mutanen da ke wurin.

“Lawali, tambaya guda ce gare ni. In tsautsayi na, ka hwaɗi, ka koma bakin aikinka gobe, magana ta ƙare. Sa'ad da niɗ ɗaga hannu, ka san abin ga shina bisa tebur?”

Ya buɗe mini ƙofa, ina gani. So yake in ce a'a. Na tuna ku, lokacin Nura yana aji huɗu, Hindatu ba ta daɗe da yaye ba.

“Na sani, Alhaji.”

“Kuma kay yi shiru.”

“Na yi shiru.”

“Don mi?”

“Na yi magana wata uku ba a ji ba, ranka shi daɗe.”

“Ni ka yi ma maganar?”

Ban taɓa zuwa wurinsa ba. Na ɗauka mai shara ba ya tsallake shugaba ya je wurin mai makaranta, kuma wataƙila da na je da ya saurara. Ya daɗe yana taɓa inda gemun yake a da.

“Abin da kah hwaɗi game da hannu, na tambaya, an ce gaskiya na. Amma ba ni iya aje mutumin da zai gan ni ina tahiya rami shi yi shiru don shi koya ma wasu darasi. Tashi, Allah shi ba ka wani abin yi.”

Haka aikin ya ƙare. Ba wata makaranta da ta sake ɗaukata, don labarin da ya je musu shi ne na farko, da ƙari: ya hana addu'a, an ƙi, ya zuba wa masu addu'a guba. Da aka tambayi ɗaliban da suka san gaskiya, ba wanda ya buɗe baki, kowa na tsoron satifiket ɗinsa. Shi ya sa kuka tashi kuka gan ni a tasha ina kiran fasinjan Shinkafi da Zurmi, da muryar da na lalata wajen cewa a wanke hannu. Shi ya sa Nura ya bar makarantar da yake ya koma wadda ba ta da tagogi. Uwarku ta yi wata biyu ba ta yi mini magana in ba ta abinci ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bara, da zazzaɓi ya kama Hassi a gidan 'yan'uwanta a Zurmi, na kai ta wani ƙaramin asibiti aka ce a gwada jini. Muna zaune sai wata mata ta leƙo daga ɗakin gwaji, da tabarau, ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta. Ta gan ni, ta koma ciki ba ko gaisuwa. Na gane ta, na ce a raina, ita ma ta guje ni kamar sauran. Ta tagar ina hangen ta. Ta kama bakin safar hagu ta juye ta, ta sa yatsa a cikin ta dama ta juye ta a kan ta farkon, ta jefa a kwando. Ta buɗe famfo da gwiwar hannu. Ta wanke tsakanin yatsu, da bayan hannu, da babban yatsa da kowa ke mantawa. Sa'an nan ta fito ta durƙusa.

“Baba, ina wuni. Rabi ce.”

“Na gane ki. Ya ido?”

“Shina gani, da tabarau.” Ta ƙara da cewa, “Baba, ran nan da anka tambaye mu, ban yi magana ba.”

“Na sani. Tashi ki ɗebi jinin, tana jin jiki.”

Ita ce ta gaya mini cewa a makarantar yanzu an gina wurin wanke hannu a waje, da inuwa, kuma a nan ake tsayawa a yi addu'ar ƙarshe bayan kowa ya cire safa ya wanke. Na ce wa ya kawo tsarin? Ta sunkuyar da kai ta ce ana cewa tsarin Malam Bashar ne, har an yaba masa a wani taro. Na yi dariya har sai da Hassi ta ce in bari, mutane na kallo.

To ga shi nan, kun ji. Ban ce ku ce ubanku ya yi daidai a komai ba. Gemun Alhaji yana wuyana, da karatun Nura. Amma ban taɓa hana kowa roƙon Allah ba, kuma ni ma ina buƙata fiye da yawancinsu. Ranar da aka kai ni makwanci, Nura, kai za ka shiga ramin, kai za ka jera itace ka dama ƙasa. In an gama, ku yi mini addu'a mai tsawo irin ta Alhaji, kada ku rage komai, kuma ku shafa.

Amma ka tafi da buta da sabulu.